Shekarar da Fara Ta Ci Barguna

Duk wanda ya zauna a yankinmu na Nebraska a shekarar fara yana da labarin da yake bayarwa, kuma yawanci yanzu na ban dariya ne. Wani ya ce ta gwaguye masa ƙotar fatanya, wani ya ce ta ci linzamin dokinsa, wata ta ce ta lashe koren zanen da ke jikin rigarta ta bar mata farin. Ni nawa ba na dariya ba ne. Labarin Gwaggo Keziah ne, kuma ko yanzu da zan ba da shi sai da na ji fuskata ta yi nauyi, don a tsakiyarmu aka yi shi, mu da muke cika coci ranar Lahadi muna rera waƙa.

Gwaggo Keziah ƙanwar mahaifin Lemuel Pruitt ce, maƙwabcinmu na yamma. Ita ta raine shi tun yana rarrafe, ba ta taɓa aure ba. Da ya kwaso matarsa Lavina da 'ya'yansu biyu ya taho nan neman ƙasar noma, sai ya ɗora ta a bayan keken doki ita da akwatinta. Akwatin nan ba komai a ciki sai barguna, irin waɗanda ake harhaɗawa da ƙyallaye a cusa auduga a tsakiya. Duk ɗinkin hannunta ne, kuma da su gidan gaba ɗaya ke rufa.

Ƙarshen watan Yuli ne, masara ta yi goyo. Na je gidansu aron babbar tukunyar dafa sabulu, muna tsaye a ƙofa ni da Lavina, sai rana ta dushe. Muka ɗaga kai muna murna, mun zaci hadari ne, don mun daɗe rabonmu da ruwa. Hadarin kuwa sai wani ƙyalƙyali yake yi. Kafin mu gama mamaki sun fara zubowa, tim, tim, kan rufi, kan kawunanmu, cikin wuyan riga, cikin bokitin madara. Mazan suna can gona suna ƙona tattaka wai hayaƙi zai kore su. Ƙarar cinsu kuwa kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa.

Can gabas inda muka fito, in aka ga alamar sanyi zai ƙone shuka, barguna ake kwasowa a lulluɓe lambu, da safe a kwashe, shuka lafiya lau. Kowace mace ta san wannan tun tana yarinya. To, lambun gidan Gwaggo ce ke kula da shi, kabeji ne da albasa da wake. Sai ga ta ta fito daga ɗaki da barguna rungume har sun rufe mata fuska.

"Huldah! Ke da Lavina kun tsaya kamar an dasa ku? Kama min nan!"

Muka kama. Ni na ja gefe ɗaya, ita ɗaya, Lavina tana bi tana danne kusurwoyi da duwatsu. Muka lulluɓe lambun tsaf, muka koma ɗaki muka rufe ƙofa muna kakkaɓe jiki, har muna yaba wa kanmu dabara.

Ashe abinci muka ƙara musu. Suka huda bargunan suka ci zare da auduga, suka shige ƙasa suka cinye kabejin a inuwa. Albasa har cikin ƙasa suka bi ta, sai ramuka suka bari. Da iska ta juya bayan 'yan kwanaki suka tashi, ba a bar ko ganye ɗaya kore a yankin ba, makiyaya ta zama kamar an share ta da tsintsiya, ruwan rafi ya koma ruwan ƙasa shanu suna ƙin sha. Bargunan Gwaggo in ka ɗaga ɗaya kana hango mutum ta cikinsa kamar rariya. Biyu kawai suka tsira, su ma don suna jiƙe cikin bahon wanki a rufe.

Ina nan ranar da aka kwashe su, na dawo da tukunya. Lemuel ya tsaya a bakin lambun, idonsa ja wur, masararsa ta tafi gaba ɗaya. Ba shi da yadda zai yi da fara, sai ya juya kan wadda yake da yadda zai yi da ita.

"Gwaggo, wa ya sa ki?"

"Ɗan nan, kabejin nake jiye wa. Na ce ko shi ya tsira mu samu na miya in sanyi ya shigo."

"To ga kabeji, ga barguna. Sai ki zaɓa mana wanda za mu rufa da shi in ƙanƙara ta sauka."

Na ce, "Haba Lemuel, mu uku fa muka shimfiɗa su, har da matarka."

Lavina ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. Shi kuwa ya ce, "Lavina yarinya ce. Wanda ya girme mu duka shi ya kamata ya fi mu hankali."

Gwaggo ta dafa hannuna. "Gaskiyarsa ne, Huldah. Ni na kwaso su."

Wannan amsa laifi da ta yi shi ya ja mata komai. Tun daga ranar ta daina zama a teburi, sai kowa ya tashi ta kankare tukunya ta ci a tsaye. Ba wanda ya ce ta yi haka, ba kuma wanda ya ce ta daina. Itacen girki ba mu da shi a wannan fili, busasshen kashin shanu muke ƙonawa, sai ta ɗauki tsintarsa ta mayar aikinta. Tun safe za ka hango ta can nesa tana jan buhu, ta duƙa ta miƙe, ta duƙa ta miƙe, tsohuwar da ta haura sittin. In na ce ta huta sai ta ce, "Bari dai in rage, Huldah. Tunda na hana su abin rufa, ai na samo musu na wuta."

Da sanyi ya fara shigowa aka raba barguna biyun nan, ɗaya ga Lemuel da matarsa, ɗaya ga yara. Na yarda, yara sun fi cancanta. Amma ɗakin ƙasa mai kaurin bango in murhu na ci, ko buhu ka rufa za ka kai safe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da na tarar wata rana da na leƙa da ɗan gishiri. Gadon Gwaggo ba ya kusurwar da na san shi.

Na ce, "Lavina, ina gadon Gwaggo?"

Ta juya baya tana gyara wutar murhun da ba ta buƙatar gyara. "An mayar da shi baya."

Baya kuwa wani ɗan ɗakin katako ne da aka jingina da bangon gida, inda ake rataye kayan doki. Tsakanin katako da katako yatsanka zai shiga.

"Baya? Wane irin baya?"

"Tari take yi, yana hana yara barci. Kuma ita ma ta ce ta fi son can, ta fi sakewa."

"Ta ce, ko aka ce ta ce?"

"Yaya Huldah, don Allah ki bar ni. Kin san halinsa. In na ɗaga maganar sai ya tuno min da duwatsun da na danne barguna da su." Hawaye ya cika mata ido. Ta san abin da ake yi ba daidai ba ne, ta kuma san in dai laifin yana kan Gwaggo, to ba ya kanta.

Na zagaya baya. Gwaggo na zaune bakin gado da allura, tana ƙoƙarin haɗa ragowar bargunan da fara ta bari da buhunan fulawa, tana cusa tsofaffin jaridu a madadin auduga. Zaren ya riga ya mutu, tana ɗinke nan can na yagewa. Tana ganina ta yi sauri ta tura aikin bayanta, kamar na kama ta da kayan sata.

"Gwaggo, nan kike kwana?"

"Lafiya lau nake kwana. Ni da ma ba na son zafin murhu, yana sa min ciwon kai." Leɓenta ya tsage don sanyi. Ta ce, "Kar ki je ki yi ta yaɗawa, kin ji? Yaron nan yana cikin wani hali. Ba shi da komai sai sunansa."

A hanyar fita na bi ta bargar dawaki. Dawakinsa biyu suna tsaye, kowanne an lulluɓe shi da bargon ulu mai kauri an ɗaure da igiya ta ƙarƙashin ciki. Lemuel na tsaye yana goge wa ɗaya wuya.

Na ce, "Sannu, uban dawaki. Su sun samu, ita wadda ta goya ka jarida ta ishe ta ko?"

Bai ko ɗaga murya ba, da ma shi ba mai hayaniya ba ne, abin da ya sa mutane ke ganin girmansa ke nan. Ya ce, "Huldah, ke mace ce, ba za ki gane ba. Dawakin nan su ne gonar baɗi. Ciyawa babu, hatsi babu, in sanyi ya ƙara musu da yunwa suka faɗi, da me zan yi huɗa? Gwaggo za ta ja garma?"

"Ba za ka cire ɗaya ka ba ta ba? Ɗaya tak?"

"In ɗaya ya mutu, ɗayan ba ya jan garma shi kaɗai. Gwaggo tsohon ƙashi gare ta, ta ga sanyin da ya fi wannan. Kuma ta yi miki ƙorafi ne?"

Ba ta yi ba, ya kuma san ba za ta yi ba. Na dawo gida ina huci. Mijina Asa ya ce, "Bakin nan naki zai ja mana wata rana. Gidan mutum gidansa ne." Na ce masa in gidansa ne ai jikin da ke shan sanyin nata ne. Mu ma a lokacin bargo biyu gare mu, mu shida, ƙaramarmu tana kwana a tsakiyarmu kamar 'yar kyanwa.

Bayan Kirsimeti labari ya zo cewa mutanen gabas sun turo taimako, sojoji kuma sun kawo tsofaffin riguna da barguna. A makarantar da muke yin coci aka sauke. Sharaɗin shi ne maigida ya tsaya gaban dattawa ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da komai. Wallahi ban taɓa ganin maza sun ƙanƙance irin na ranar ba. Mutanen da suka fasa ƙasar nan da hannunsu, ga su a layi kowa ya tusa hula a gaba yana kallon takalminsa. Da aka zo kan Asa, muryarsa ta maƙale, sai da aka ce ya maimaita. Ni da ke bayansa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lemuel fa? Yana can bayan teburi tare da dattawa. Tun a taron farko ya tashi ya ce shi ba ya buƙatar komai, gidansa a rufe yake, kuma yawan roƙo zai ɓata wa yankin suna, baƙi su daina zuwa, farashin ƙasa ya faɗi. Dattawa suka ji daɗi, suka ce mutumin da ba ya karɓa shi ya dace ya raba. Da hannunsa ya yi ta miƙa wa mutane barguna yana cewa, "Allah ya kawo sauƙi." Da hannunsa ya miƙo min namu, guda biyu, masu ruwan toka.

Na dube shi na ce, "Ba ka ɗebar wa na gida?"

Ya yi murmushi don na kusa su ji. "Mu mun gode Allah, Huldah. A ba mabuƙata."

Fasto ya dafa kafaɗarsa. Mata biyu da ke kusa da ni sun san inda Gwaggo ke kwana, don na faɗa musu, amma kowacce ta rungume nata kason ta kama hanya.

Washegari na naɗe ɗaya daga cikin namu na kai mata. Ta ja da baya kamar na miƙa mata garwashi.

"Da wane ido zan karɓa? Na 'ya'yanki ne."

"Sun samu ɗaya. Karɓi, Gwaggo, kar ki sa in yi miki rashin kunya."

"In ya gani fa?"

"Ya gani mana! In yana da magana ya zo ya same ni."

Na lulluɓa mata da kaina. Ta shafa shi, ta sake shafawa, irin shafar wanda ya san kaya. Ta ce, "Saƙar ba laifi, sai dai bakin bai ji ɗinki ba." Muka yi dariya. Rabona da jin dariyarta tun kafin fara.

Bai zo ya same ni ba. Bayan kwana biyu da hantsi, garin ya yi wani irin shiru, sama ta yi nauyi, na leƙa taga sai na hango mutum yana tahowa cikin dusar ƙanƙara, yana tafe yana nutsewa har gwiwa. Tsakaninmu da su tafiya ce mai ɗan nisa, sai an tsallaka kwari. Da ta matso na ga Gwaggo ce. Bargon yana ninke tsaf a hammatarta. Duk tsawon hanyar nan, cikin wannan sanyi, ba ta yafa shi ba, don a ganinta ya riga ya tashi daga nata.

Na ja ta ciki. "Gwaggo, kin haukace ne?"

"Ga kayanki, Huldah. Na gode, Allah ya saka."

"Shi ya aiko ki?"

"Bai aiko ni ba. Cewa kawai ya yi, shi da ya tsaya gaban jama'a ya ce gidansa ba ya buƙata, in aka ga bargon soja a gidansa ya zama maƙaryaci. Ya ce na ci masa barguna, yanzu kuma zan ci masa mutunci." Ta tura min bargon. "Na ga gara in kawo da kaina."

Takalmanta sun ɓule, ta naɗe su da tsumman buhu, tsumman ya jiƙe ya daskare. Na zaunar da ita gaban murhu na kwance. Yatsun sun yi fari fat, na matsa ba ta ji ba. Na ce yau kam ba inda za ta, a nan za ta zauna har bazara, mu matsa mata.

"A'a. In na kwana nan gobe za a ce ya kore ni."

"To ba korar ba ce?"

"Huldah, ni na goya shi. In aka zage shi ni aka zaga. Ke dai ki sa Asa ya mayar da ni."

Na yi faɗa, na yi lallashi, har ƙofa na tare. Ta ce in ban matsa ba za ta koma da ƙafa kamar yadda ta zo, kuma na san za ta aikata. Asa ya ɗaura doki, na naɗe ta da bargon na ce ya tabbata ya shiga da ita ɗakin murhu. Da ya dawo, bargon na kan kujerar keken a ninke. Ya ce Lemuel ya tarbe su da fara'a, ya yi godiya, ya sauke Gwaggo da hannunsa, ya cire bargon ya ajiye masa, ya ce kar ya makara hadari na tafe.

Na ce, "Kai kuma ka karɓo?"

Asa ya juya ya fita wajen doki. Ya daɗe a barga ranar kafin ya shigo.

Da la'asar guguwar ƙanƙara ta sauka. Kwana da kwanaki ba ka ganin hannunka in ka miƙa, ko barga sai da igiya muke zuwa. Ina zaune gaban wuta, ina tuna tsagogin katakon nan.

Ranar da gari ya washe, sai ga Lavina a kan doki ba sirdi, kanta ba ɗankwali. "Yaya Huldah, ki zo! Ƙafafun Gwaggo!"

A hanya take faɗa min, tana kuka tana haɗe kalmomi. Wai da guguwar ta tsananta ta ce a shigo da ita, Lemuel ya leƙa ya tambaye ta, ta ce lafiya lau take, ya dawo ya ce, "Kin ji, ta ce lafiya lau." Sai a rana ta uku da ba ta fito ɗaukar abinci ba suka kinkimo ta. Tun ranar take ɓoye ƙafafun cikin tsumma, ba ta yarda a gani, sai da wari ya fallasa.

Na tarar an kwantar da ita kusa da murhu, an rufe ta da bargon doki. Ashe yana ciruwa daga jikin dokin! Na ɗaga na duba, na mayar na rufe. Ƙafafun sun yi baƙi har sama da idon sawu. Asa ya hau ya tafi gari ya ɗauko likita, kafin su iso labari ya zaga, gidan ya cika da maƙwabta, har da Fasto.

Likitan dattijo ne da ya yi aiki a yaƙi, ba ya tauna magana. Ya duba, ya miƙe, ya zagaya baya ya ga ɗakin katakon, ya dawo ya tsaya tsakiyar mutane.

"Wa ya kwantar da tsohuwar nan a can?"

Lemuel na jingine da bango, fuskarsa ta yi fari kamar alli. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai Gwaggo ta riga ni.

"Ni ce, likita. Taurin kai ne irin na tsufa. Yaron nan ya yi ya yi in shigo, na ƙi. Har bargo aka kawo min na mayar."

Likita ya dube ta, ya dubi Lemuel. "Haka ne?"

A nan ne nake jira. Da ya ce a'a, da ya faɗi ƙasa ya kama hannunta, wataƙila da na yafe masa. Ya kalli Fasto, ya kalli dattawan da suka ɗora shi bayan teburi, ya ce, "Gwaggo ba ta jin magana."

Lavina ta toshe baki ta fita da gudu. Gwaggo ta rufe ido. Ba wanda ya yarda da maganar a ɗakin nan, ko mutum ɗaya, amma sai na ga kawuna suna gyaɗawa, ana cewa, "Tsofaffi sai haƙuri." Ƙaryar ta yi wa kowa daɗi, don ta wanke mai gida, ta wanke masu jin labari su yi shiru, ta wanke mai wa'azin da bai taɓa zagayawa baya ba. Na ce, "Tir!" da ƙarfi, Gwaggo ta buɗe ido ta yi min wani kallo na roƙo, dole na haɗiye sauran.

A kan teburin cin abinci aka yi aikin, teburin da ta daina zama a kai. Ni na riƙe mata kai. Ƙafafun duka biyun aka yanke, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ta rayu, don da gaske tsohon ƙashi gare ta.

Lemuel ya yi huɗarsa da bazara, dawakinsa biyu lafiya lau. Har yau in ana lissafa mutanen da suka tsaya da ƙafarsu a shekarar fara ba su roƙi kowa ba, da sunansa ake farawa. Ni in aka fara sai in tashi in ba su wuri. Fara ta ci masara, ta ci ciyawa, ta ci barguna, wannan duk mun yarda, ƙaddara ce. Amma fara ta tashi tun watan Agusta. Abin da ya ci ƙafafun Gwaggo Keziah a cikin gida yake kwana, yana sa farar riga ranar Lahadi.

Bayan aikin da mako guda, matan yankin suka haɗu suka zo dubiya, kowacce da bargo a hannu. Waɗanda suka ce ba su da na bayarwa a watan Janairu, sai ga shi sun samo. Wata ta ciro na aurenta daga ƙasan akwati, wata ta kwana biyu tana ɗinki. Suka jibge su a bakin gado, tuli guda, ba mai iya haɗa ido da wata. Matar Fasto ta ɗauko wani babba mai zanen taurari ta fara warwarewa za ta lulluɓa mata.

Gwaggo ta kama bakinsa ta duba ɗinkin, ta ce an yi ƙoƙari. Sannan ta ture shi a hankali, ta nuna wani ɗan ƙarami da ke ƙasan tulin, irin na gadon yara.

"Ku mayar da manyan nan, 'ya'yana, akwai masu buƙata. Ku ba ni wancan. Ni yanzu gajere ma ya ishe ni."

Aka miƙo shi, na shimfiɗa mata. Ya rufe ta ruf, har da saura.